Gurbin da ke Kusa da Orfelina

Doña Nolfa tana kan matakala tana dukan gindin tukunya da ludayi, sai tagar gidan sama ta buɗe.

"Maƙwabciya! Har da ke? Da furfurarki?"

"Har da ni, Don Efraín. Ɗauko taka ka sauko."

"Tawa miya take dafawa. Ba ta shiga jami'a ba balle ta koyo surutu."

Ya ja tagar har gilashin ya yi ƙara, ita kuwa ta ƙara wa tukunyar duka don ya ji da kyau. Daga bakin tashar jiragen ruwa ta Valparaíso har ƙolin tudun nan nasu, ko'ina ƙarar tukwane ce. Haka ake yi kullum da faɗuwar rana, tun da ɗalibai suka ƙaurace wa aji suka ce ba su komawa sai an sauke kuɗin makaranta. Nolfa ba don nishaɗi take yi ba. Ɗanta Wilfredo ya ci bashin banki ya yi digiri, yau tasi yake ja, bankin kuma bai daina yankar rabonsa ba.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne Don Efraín. Tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, shi ya reni jikarsa Yasna tun rasuwar uwarta. Ranar da yarinyar ta samu shiga jami'a don karatun jinya, gida-gida ya bi yana shela, har karen unguwa sai da ya sha labari. Yanzu kuma duk tudun babu mai zagin ɗalibai kamarsa.

Wata rana ana ruwa ta soya wainar kabewa ta kai musu, ta tarar da su suna shan shayi suna musu.

"Tata, kuɗin shekara ɗaya ya fi ƙarfin fanshonka gaba ɗaya," in ji Yasna, don haka take kiran kakan nata. "Kuma ka ce ba mu da gaskiya?"

"Ni ban ce ba ku da gaskiya ba. Na ce ki koma aji ki koyi yi wa mutane allura."

"Na bana dai an biya, tunda ƙungiyar 'yan dako ta ba ka tsohon haƙƙinka. Na baɗi fa? Akwai wata ƙungiyar da ka ɓoye a ƙarƙashin gado?"

"Akwai uwar ƙungiya. Ci wainarki, mai bakin tsiya."

Yasna ta yi dariya ta sumbaci sanƙonsa. Nolfa ta lura shi bai yi dariyar ba, kuma bai taɓa wainar ba.

Kowace Lahadi tare suke zuwa maƙabarta, ita wurin mijinta, shi wurin matarsa Orfelina, wadda aka sa a gurbin bango mai fuskantar teku, irin ramukan da ake jerawa a jikin bango a zura akwatin gawa a toshe da dutse mai suna. Gurbin da ke jikin nata kuwa nasa ne, fanko, ya daɗe da gama biyansa da kuɗin dako. Kullum sai ya goge dutsen Orfelina, sannan ya zura hannu ya share ƙurar nasa, yana cewa wannan ne kaɗai gidan da ya mallaka wanda rufinsa ba ya yoyo.

Lahadin nan da suka zagayo kwanar, sai Nolfa ta ja ta tsaya. An toshe gurbin. Simintin ma bai bushe ba, an karce sunan wani mutum a jiki da ƙusa, ga furanni sababbi a gindi.

"Wayyo Allah! Sun yi kuskure! Zo mu je ofis yanzun nan, sai sun fitar da shi!"

"Ba kuskure ba ne, maƙwabciya. Rage murya."

"Kamar yaya ba kuskure ba?"

"Na sayar tun farkon shekara. Sai yanzu mai shi ya tare."

Nolfa ta nemi gefen benci ta zauna.

"Banki na fara zuwa," in ji shi, yana matse tsummansa. "Na ce zan tsaya wa yarinyar a ba ta bashi. Wani yaro mai ɗaure da wuya ya dube ni sama da ƙasa ya ce shekaruna sun yi yawa. Kin ga ya fi likita iya duba mutum."

"To kuɗin ƙungiyar fa?"

"Wace ƙungiya? Ƙungiyar da ko kujerun zama ba ta da su?"

"Orfelina fa? Ka gaya mata?"

"Na gaya mata. Ba ta ce komai ba. Karo na farko ke nan."

Ya shiga kankare ɗigon simintin da ya fallatsa wa dutsen matarsa da farce. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba: "Shekara guda na saya mata. Guda tak. Kullum kuna dukan tukwanenku, ni kuma ina zaune ina jin yadda ake cinye min ita."

"Amma ai don haka suke yi, Don Efraín. Don kada wani ya sake sayar da makwancinsa."

"Na sani mana. Wa ya ce miki ban sani ba? Sai dai ni na riga na sayar da nawa." Ya nuna ta da tsumman. "In kika gaya wa Yasna, ni da ke har abada."

Sannan ya matsa ya karanta sunan baƙon a hankali, ya ƙwanƙwasa simintin da yatsa. "Kai bawan Allah, ka kama kanka. Matar aure ce."

A hanyar komawa ruwa ya tsuge musu, ga matakalar tudun ba ta ƙarewa. Kafin tsakiyar mako tari ya kama shi, daga tari sai zazzaɓi. Asibiti suka ba shi ƙwayoyi suka ce ya je gida ya huta. Yasna ce ke juya shi, tana goge masa jiki, tana sa kunne a bayansa kamar yadda aka fara koya musu kafin a rufe aji. Nolfa kuwa in rana ta faɗi sai ta ɗauko tukunyar ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa dukanta, ta kuma kasa mayar da ita. Haushin kowa take ji, har da shi da ya ɗora mata wannan kaya.

Kullum da safe tambayarsa ɗaya ce game da jami'ar: "An buɗe?"

Da jikin ya yi nauyi, Nolfa ta ja Yasna zuwa madafa. "Ki ce masa an buɗe."

"Ƙarya zan yi wa Tata?"

"Ke dai ki yi. Alhakin a wuyana."

Washegari Yasna ta rataya jakar littattafai ta tsaya a kansa. "Tata, an buɗe. Zan tafi aji."

Ya kamo hannunta ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya saki.

"Tun yaushe ake shiga aji da lemon tsami?"

Duk wanda ke tudun ya san amfanin lemon tsami a aljihun ɗalibi: in 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye, shi ake tsotsa. Yasna ta sunkuyar da kai.

"Je ki," in ji shi. "Ki tsaya ta bayan masu ƙiba."

Da ta fita ya juyar da fuska bango. Nolfa ta zauna tana saƙa a gefen gadon, tana jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Wajen azahar ya ce ta buɗe masa taga. Iskar teku ta shigo, tare da hayaniyar gari daga can ƙasa, ba a jin abin da ake cewa.

"Suna da yawa?"

Ta leƙa. Titin bakin teku ya cika maƙil. "Da yawa ƙwarai."

"To," in ji shi. Bai sake magana ba. Kafin ta kai ƙarshen layin da take saƙawa, ta ji ɗakin ya yi shiru, numfashin ya tsaya.

Yasna ta dawo da yamma, idanunta jajir da hayaƙi tun kafin ta ji rasuwar. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta ɗan natsu, maƙwabta sun cika ɗakin, sai ta share fuska ta ce: "Abu ɗaya dai ya sanyaya min rai. Zai kwanta kusa da Kaka."

Babu yadda Nolfa za ta yi. Ta kai ta madafa ta rufe ƙofa ta gaya mata, tun daga bankin har simintin. Ta zaci yarinyar za ta yi ihu. Yasna sai ta zauna a ƙasa ta jingina da murhu.

"Kin sani, kika bar ni ina yi masa dariya?"

"Shi ya hana ni, 'yata."

"Kika bar ni ina dukan murfin tukunya a ƙarƙashin tagarsa?"

Nolfa ta durƙusa ta zauna kusa da ita a ƙasa.

Karo-karon da unguwa ta yi bai kai na gurbin bango ba. A ƙasa aka binne shi, can saman maƙabartar inda iska ke kayar da furanni, a filin haya na 'yan shekaru. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, su kwashe ƙasusuwan su ba wani wurin. Daga nan ba a hango bangon Orfelina, sai bayan ɗakin masu gadi.

Gab da ƙarshen shekara aka buɗe jami'o'i. Ba a rage ko peso ɗaya ba, aka ma sanar da ƙarin na baɗi. Yasna ta koma ta zana jarrabawar da aka cusa musu cikin gaggawa, ta kuma ci. Daga nan, da yake babu kuɗin baɗi, ta nemi aiki a wani kantin magani da ke bakin kasuwa, tana miƙa wa mutane ƙwayoyi ta taga. In Nolfa ta tambaye ta zancen komawa, sai ta ce: "Wata shekarar." Maƙabarta kuwa ba ta iya zuwa. Ta ce in ta tsaya gaban sunan baƙon nan numfashinta ɗaukewa yake.

Saboda haka Nolfa ce ta gaji aikin Lahadi. Bokitin masu gadi kullum yana hannun wani, sai ta fara zuwa da tsohuwar tukunyarta, tunda duka ya lotsa gindinta ba ta zama a kan wuta. Ta cika ta a famfo ta goge dutsen Orfelina, ta ce mata mijinta yana gaishe ta. Sannan ta rungumi tukunyar ta kama hawa.

Gindin ya tsage a inda ludayi ya fi samunsa. Tana tafe ruwan yana ɗiga, tana toshewa da yatsa yana bin gwiwar hannunta. Da ta isa wurin gicciyen katakon da aka kafa a kan kabarin Don Efraín, abin da ya rage bai fi na jiƙa tsumma ba. Ta goge sunansa da shi, ta tsaya tana haki, sannan ta waiga. Ɗigon ruwan ya ja layi a kan hanya, tun daga ƙafarta har kwanar da ta gangara wurin Orfelina, iska kuma ta fara busar da shi daga can ƙasa.