Ganyen Zogale a Hannun Hansai

Tun ranar da Hansai ta daina cin nama, Hajiya Zinatu ta rasa abin da za ta jawo 'yarta gida da shi. A da abin mai sauƙi ne. In ta ɗora farfesun kayan ciki ran Asabar, sai ta sa maigidanta Malam Uwaisu ya buga waya ɗakin kwanan ɗalibai a unguwar Bloomsbury ta Landan, kafin la'asar yarinya ta iso Edmonton da yunwarta. To a shekarar 1993 sai Hansai ta zama abin da Turawa ke kira vegan. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, har zuma ta ce haƙƙin ƙudan zuma ne. Takalmin fatar da aka kawo mata daga Kano ma kyautar da shi ta yi. Sau biyu ta zo gida bayan haka, duka biyun aka tashi baram-baram, domin Hajiya tsame naman ta yi daga miya, ta ce ai shi ke nan ta zama miyar ganye. Daga nan Hansai ta ɗauke ƙafa, wata huɗu cur.

Abin yana cin Hajiya a rai, amma ba ta da bakin faɗa. Hansai 'yar fari ce, ita kuwa Hajiya goyon Yakasai ce ta cikin birnin Kano, ta gaske. Ba ta kama sunan yarinyar, ba ta rungumarta, balle ta ɗauki waya ta ce tana kewarta. Shekara ashirin a Landan ba su rage mata wannan kunyar ba. Sai dai ta yi ta yi wa Malam mita a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ran nan Malam ya dawo daga aiki, ya rataye kwat, ya ce, "Na ga mutuniyar taki yau. Tattoo fa take son yi."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Zanen allura? Wanda ake shiga kabari da shi?"

"Har ta yi booking a Camden. Wai ganye take so a wuyan hannu, kowa ya gani ya san aƙidarta. Amma ta yi cancel. Ta tambayi mai shagon da me ake haɗa tawadar, ya ce akwai ƙonannen ƙashin dabba a ciki. Yanzu tana bin shago-shago tana neman wadda babu dabba."

Karo na farko ke nan da Hajiya ta ga wannan tsirfa ta yi mata rana. Sai ta ce, "Ka gaya mata akwai wata mata a Edmonton, tawadarta ganye ce zalla."

Asabar da hantsi sai ga Hansai, da jakar tsumma a kafaɗa da takalmin roba. Ta gaishe da uwarta, ta dubi kwanon kwaɓaɓɓen lalle a kan tebur, ta yi dariya.

"Mum, na san ke ce," ta faɗa da Turanci, domin Hausa tana jinta tsaf amma ba ta mayarwa sai ta ga dama.

Rabonta da lalle tun tana 'yar shekara tara, ranar da yara a makaranta suka tambaye ta ko ƙonewa ta yi. Ta zauna, amma sai da ta yi wa kwanon tambayoyi kamar ma'aikaciyar kwastan. Hajiya ta lissafa mata: garin lalle da ƙanwarta ta aiko daga Kano, lemon tsami, ruwan shayi, ba ƙari. Hansai ta shinshina, ta miƙa hannun dama.

Hajiya ta kama hannun. Ta ji daɗi har cikin ranta, amma ta haɗe fuska, ta ce, "Ke, bar motsi." Ta ɗauki ledar da ta murɗe ta huda bakinta, ta fara ja. Reshen zogale ta zana, ya tashi daga wuyan hannu, ganyayyakinsa ƙanana suka bazu a bayan hannun, ɗaya ya kai har gindin yatsa. Da gangan ta riƙa jan aikin, abin da take yi wa amare cikin minti ashirin ya ci awa guda. Suka zauna jiran ya bushe, Hansai tana ba ta labarin wata ƙawarta da ke yin cuku da gyaɗa, Hajiya tana cewa Allah ya kyauta.

Bayan azahar aka kankare. Zane ya fito jawur, ko'ina ya kama. Hansai tana juya hannun tana murmushi, Hajiya kuwa ta miƙe ta nufi firji. Tun tana yarinya Hajiya ta ga mahaifiyarta ba ta sallamar wadda ta yi wa ƙunshi sai ta shafe hannun da mai don ya yi sheƙi, kuma a gidansu man shanu ake shafa wa wadda ake ji da ita. Akwai wata 'yar kwalbar man da ta ɓoye tun bara, ko Malam ba ta ɗanɗana masa. Ta lakato da yawa, ta mulke hannun 'yarta da shi.

Ƙanshin ya daki hancin Hansai. Ta fizge hannu.

"Mum, mene ne wannan?"

"Man shanu ne, na Fulani, mai kyau."

Hansai ta tashi ta nufi famfo, ta yi ta wanki da sabulu. Hajiya ta bi ta tana cewa, "Ai ba ci kika yi ba. Saniyar ma tana nan da ranta." Magana ta ƙara dagulewa. Hansai ta ɗauki jakarta, idonta ya ciko, ta ce, "Kullum haka ne. Ba kya ji na."

Hajiya ta ga samu ta ga rashi. Tsoro ya kama ta sosai, domin ta san in yarinyar nan ta fita yau, sai dai a ji labarin allura. Ta tare ƙofa, ta ce, "Ke, minti biyar." Ta fita da silifas ba ko mayafin kirki, ta ƙwanƙwasa flat ɗin maƙwabciyarta Amamata, 'yar Zongon Kumasi mai sayar da kayan shafa.

"Amamata, taimaka min da man kaɗanya."

Amamata ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaya da Hausarta ta Zongo mai haɗe mace da namiji. "Hajiya, lafiya? Yarinyanki ya zo ne? Har yanzu ba ya cin nama?"

"Ba ni dai, na dawo na ba ki labari."

Ta dawo tana haki da robar man a hannu, ta tarar da Hansai tsaye inda ta bar ta. Ta buɗe robar ta miƙa mata. "Wannan na bishiya ne. Shinshina ki ji. Wancan kuwa ni na yi kuskure."

Hansai ba ta taɓa jin uwarta ta faɗi haka ba. Ta shinshina, ta ajiye jaka, ta koma ta zauna. Hajiya ta narka man a tafinta, ta shafa a hankali, ganye-ganye, zanen ya ɗauki sheƙi.

Hansai ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta tambaya, wannan karon da Hausarta mai karyewa, "Umma, kwana nawa zai yi?"

"Sati biyu. In kina yawan wanke-wanke, ko kaiwa ba zai yi ba."

"Sai kuma ya goge?"

"Tas."

"To ya zan yi?"

Hajiya ta sunkuyar da kai tana rufe robar man, kamar aikin yana buƙatar dukan hankalinta. "Mai zanen dai ba ta zuwa ko'ina ran Asabar," ta ce.

Hansai ta yi murmushi, ta naɗe hannun rigarta, ta miƙo na hagu.