Tiyon Motar Baba Sunday

Shekara ashirin da biyu Illo bakanike yana gyaran motar Baba Sunday, tsohon malamin makaranta a Yelwa. Mota ce ta tun shekarun saba'in, kuma ba wanda ke buɗe bonet ɗinta sai shi.

Sai ta fara zafi. A cikin gari lafiya lau, amma da an hau titin Wara an taka totur, allurar zafi sai ta haye ja. Illo ya wanke lagireto, ya canja fanbel, ya kwance famfon ruwa ya mayar. Sau uku suna fita gwaji, sau uku tana tafasa.

A fita ta huɗu Baba Sunday ya zo da surukinsa Andrew, mai gyaran injin jirgin ruwa a bakin tafki.

"Rakiya kawai zai yi muna, Illo," in ji tsohon.

Illo ya ce to. Yana tuƙi yana jin su suna hira da yarensu suna dariya. Shi da ya tura motar nan cikin laka ba sau ɗaya ba, yau ga shi kamar direban haya.

Ba su yi nisa ba tururi ya taso. Suka tsaya gindin wani mangwaro, Baba Sunday ya koma inuwa. Da injin ya huce, Andrew ya ce, "Malam Illo, don Allah tashe ta ka taka mini totur sosai."

"Wagga ba kwalekwale ba ce," Illo ya ce, amma ya taka.

Andrew ya yafito shi, ya ja wayar totur da hannu. Illo ya leƙa. Tiyon ƙasa na lagireto ya tsufa ya yi laushi. Da injin ya ɗauki gudu sai ya shafe kamar an taka shi, ruwa ya kasa wucewa. Sau nawa Illo ya taɓa tiyon nan mota na kashe!

"Mi kuka gani?" Baba Sunday ya tambaya daga nesa.

"Tiyo ne, Baba. Malam Illo ya gano shi," in ji Andrew.

Tsohon ya tafa hannu. "Na faɗa maka! Duk ƙasar Yawuri babu kamarsa."

Da ma zaginsa Andrew ya yi, da ya fi wa Illo sauƙi. Ga sani, ga kuma ladabi.

Washegari Illo ya sa sabon tiyo. Suka je har Wara suka dawo, allura ba ta motsa ba. Andrew ya miƙo hannu za su yi sallama, Illo ya nuna masa tafinsa baƙi ƙirin da mai, ya juya yana goge sifana.

Da ya koma gida matarsa Balaraba ta tambaye shi ko mota ta gyaru.

"Ta gyaru."

"To mi ya ɓata maka rai?"

Ya ce tuwon ne ya yi sanyi.