Ladi Ungozoma a Urushalima

A shekarar da soja suka sauka suka miƙa wa farar hula mulki, majami'ar su Ladi Bitrus ta samu kujeru goma sha biyu na ziyarar Urushalima. Ranar Lahadi aka yi sanarwa, kafin a tashi daga sujada Ladi ta riga ta yanke a ranta cewa ɗaya tata ce.

Mutuniyar Kafur ce, shekarunta sittin da uku, talatin daga ciki a Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, ta yi su tana karɓar haihuwa. Ita kaɗai ce Kirista a layinsu, amma babu gidan da ba ta san ƙuryar ɗakinsa ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kuma aiki ya watsa su Zariya da Kaduna.

Fasto Garba bai ƙi ta kai tsaye ba. Ya zaunar da ita ya yi ta kewaye-kewaye: akwai hawan duwatsu, ga sanyi, ga shi duk bayani da Turanci ake yi, ita kuwa Turancinta bai wuce sunayen magunguna ba. Ya ba ta shawara ta bar wa masu jini a jika. Ladi ta bari har ya kai aya.

"Fasto, Musa yana da shekara tamanin ya fara tasa tahiyar, kuma shi ma ya ce bakinsa da nauyi. Rubuta sunana."

Ya rubuta.

Da labari ya kai kunnen Hajiya Kulu, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su, sai ta ɗauki abin kamar ita ce mai tafiyar. Sau biyu ta je Makka, ta san abin da tafiyar ibada ke yi wa ƙafar tsohuwa. Kullum gari ya waye sai ta buga wa Ladi ƙofa su taka har Ƙofar 'Yandaka su dawo. Da wata ya zagayo suna kaiwa Ƙofar Sauri ba su zauna ba. Ta sa aka ɗinka mata lalita don fasfo, ta ɗaure mata yaji da kilishi, ta ce abincin can ba ya da kai. A kan hanya take koya mata 'yan kalmomin Larabci da ta tsinto a kasuwar Makka: yadda ake tambayar wuri, yadda ake godiya, sunan ruwa. Ta ce mata kada ta ji tsoron bakin mutanen can, rabin abin da za su faɗa yana cikin Hausa, kunne kawai za ta buɗe.

Daga Kano jirgi ya ɗauke su. A Tekun Galili suka shiga jirgin ruwa, Ladi ta ba da waƙar zumuntar mata har matuƙin ya riƙa tafi. Kogin Urdun kuwa dariya ya ba ta, don rafin garinsu da damina ya fi shi faɗi, amma duk da haka ta tsoma ƙafa ta yi addu'a. A Baitalami, da suka sauka kogon da aka ce nan aka haifi Almasihu, ta tsaya ta daɗe, har Hajara matar Fasto ta taɓa ta. Ladi ta ce tana duba ne yadda yarinya za ta yi haihuwar fari a kan dutse, ba uwa kusa, ba ruwan zafi. Nan ne kaɗai aka ga hawayenta.

Rana ta biyar Jumma'a ce. Suka shiga tsohon birnin Urushalima za su majami'ar da kabarin Almasihu yake. Lungunan sun yi mata kama da na cikin garin Katsina, sai dai su da dutse aka shimfiɗe su. Ana cikin tafiya aka taso daga masallaci, jama'a ta cika hanya maƙil. Ɗan jagoransu mai ɗaga tuta ya wuce gaba da mutum bakwai, su Ladi su huɗu suka tsaya jiran Dattijo Babaji wanda gwiwa ta riƙe. Kafin hanya ta buɗe, ba tuta ba dalilinta.

Fasto Garba ya tari wani tsoho mai shagon kayan yaji ya zuba masa Turanci. Tsohon ya girgiza kai. Ya sake da ƙarfi, tsohon ya sake girgiza kai. Hajara ta fara share ido da bakin gyale.

Ladi ta gyara ɗaurin zaninta ta matsa gaba. Ta yi wa tsohon cikakkiyar sallama, ya amsa da mamaki, ya miƙe tsaye. Ta nuna gwiwar Babaji, nan da nan ya jawo masa kujera. Sannan ta tambaye shi ina kanisa take, wato majami'a, kamar yadda Hajiya Kulu ta koya mata. Ya buɗe yatsunsa duka goma, alamar suna da yawa. Sai ta ce kabari, ta ce Almasihu.

"Alƙiyama?" in ji tsohon.

"Ita fa," Ladi ta ce, ta juya ga Fasto. "Ka ji sunan da suke kiranta. Tashi daga matattu. Ai mun iso."

Tsohon bai bar su sun motsa ba sai da suka sha shayi mai na'ana'a. Ya ja ƙofar shagonsa, ya riƙe hannun Babaji, ya bi da su ta wani lungu mai matakala har bakin majami'ar, inda suka tarar da ɗan jagora ya haɗa gumi yana ƙirga kawuna. Ladi ta tura wa tsohon ƙullin kilishi a hannu. Ya shinshina, ya yi dariya, ya ɗora hannu a ƙirji ya juya.

Da suka dawo gida, Fasto Garba da bakinsa ya ba ikkilisiya labarin daga kan bagade, bai rage komai ba, har da Turancinsa da ya ƙi ci. A Ƙofar Guga kuwa kwana uku gidanta bai rabu da masu sannu da zuwa ba. Ta raba dabino da man zaitun, mata suka zauna a tabarma ana gardamar yadda za a riƙa kiranta yanzu. Wata ta ce Hajiya, wata ta ce ai ba Makka ta je ba. Aka juya ga Ladi.

"Ku dai ku ci dabinonku," ta ce. "Wanda duk kuka kira, in na ji zan amsa."