Jan Biron Farfesa

Shekara tara muna musu da Farfesa a kan abu guda. Shi ya ce ƙwayar halitta agogo take bi, lokacinta na cika sai ta rabu biyu. Ni na ce girma take jira. Duk takardar da na kai masa sai ya zaro jan bironsa ya rubuta "Sake" a gefe, ya ce, "A farantin gwaji kika gani. Nuna min a jikin mai rai."

To, na nuna. Na ɗiga tawada a kunnen ɓera don in riƙa gane wurin. Safe da yamma in ba shi maganin barci, in sa kunnen ƙarƙashin madubin ƙara girma, in nemo ƙwayoyin jiya. Ƙananan sai su yi ta jan ƙafa, kwana uku, huɗu, har su kai wani girma. Manyan ba sa ɓata lokaci. Ƙwaya ɗari shida na bi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na gama na juya in yi wa Farfesa magana, ba kowa. Wata bakwai ke nan kujerarsa ba mai zama, tun da ya yanke jiki ya faɗi.

Na kwashi hotunan na nufi gidansa, ina shirya amsoshi a mota kamar mai zuwa kotu. 'Yarsa ce ta buɗe min.

"Anti, yana falo. Kada dai ki gajiyar da shi."

Na durƙusa na gaishe shi, na jera masa hotunan.

"Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Girma ne."

Ya yi murmushi. "Haka ne, 'yata."

"Ba ka tambayi ɓeraye nawa ba. Uku ne kacal."

"Sun isa."

Raina ya ɓaci. Mutumin da ya taɓa cewa ɓeraye goma sha biyu sun yi kaɗan. Na shiga tona lahanin aikina da bakina: maganin barcin kan iya rage wa ƙwayoyin sauri, kuma kunne ba hanji ba ne. Kai kawai yake gyaɗawa. Duk duniya shi kaɗai ya damu da aikina har yake ƙin sa.

Na ciro jan biron da na ɗauko daga teburinsa na ofis na danƙa masa. Ya jujjuya shi, ya miƙo min.

"Riƙe abinki, kada ya ɓata."

Da na koma ofis na cire murfin, na rubuta "Sake" a gefen hoton farko. Ko kaɗan bai yi kama da rubutunsa ba.