Ranar da Aka Rufe Shagon Fensir

Tun tana ƙarama ake kiranta Fensir, saboda siririya ce, kuma duk bangon da ta jingina da shi sai ta bar masa zane. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, har surukarta ma da shi take kiranta.

Abin da hannunta ya fi sabawa da shi shi ne Kunkuru Mai Laima. Wani katun ne da ake nunawa a talabijin lokacin da suke yara, wani kunkuru mai sanyin jiki da ke yawo da koriyar laima ko ana ruwa ko ba a yi. Yaran da suka kalle shi sun girma, sun yi teɓa, suna fama da ciwon baya. Sai Fensir ta girmar da kunkurun tare da su. Ta zana shi a layin banki, ta zana shi yana gyangyaɗi a taron ofis, ta zana shi a kujerar likitan haƙori ya cusa kai cikin ƙoƙonsa. Wanda ya fi karɓuwa shi ne na tashar bas: yana zaune ruwa na dukansa, laimar a naɗe kan cinyarsa, ya ƙura wa hanya ido.

Ta buɗe shago a wata babbar kasuwar intanet, wani mai buga riguna na bakin titi yana ɗora mata zanen a kan riguna da kofuna. Kasuwa ta buɗe, har ta ajiye aikinta na kantin magani. Ɗakin baƙi ya koma sito, kwali kan kwali har kusa da fanka. Mijinta direban bas ne, yakan leƙa ya ce, "A gidan nan kunkuru ne maigida, ni ɗan haya ne."

Wata safiya tana shanya wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani ta duba. Saƙo ne daga masu kasuwar: kamfanin da ya mallaki Kunkuru Mai Laima ya kai ƙorafi, an sauke duk kayanta, an rufe shagon. Ta karanta har ƙasa. Ta mayar da wayar kan taga, ta ci gaba da shanya. Sai da ta gama ta lura ta shanya rigar mijinta ɗaya ba ta wanke ta ba.

Da ya dawo cin abincin rana ta miƙa masa wayar.

"Me ke nan? Ba ke kika zana ba?"

"Ni na zana."

"To?"

"To, haka suka ce."

Ya yi ta faɗa, ya zagi kamfanin, ya zagi intanet, ya zagi wanda ya ƙirƙiro waya. Ita tana kallon cokalin da ke hannunsa yana sama yana ƙasa. Ta jira ranta ya ɓaci kamar nasa, shiru. Ji take kamar an yi mata allurar kashe zafi, tana ganin ana aiki a jikinta amma ba ta jin komai.

Bayan kwana biyu wani saƙon ya zo, wannan karon daga lauyoyin kamfanin. Akwai ɗan wan babanta lauya, sai ta ɗauki riga ɗaya a leda ta tafi ofishinsa. Ƙaramin ɗaki ne a saman wani shagon taya, duk lokacin da aka kunna injin iska a ƙasa sai gilashin taga ya kama rawa. Ya warware rigar a kan tebur, ya daɗe yana kallo, har ya yi murmushi.

"Kai, Fensir! Wallahi kamar ni ne a tashar nan."

"Yaya, me suke so?"

"Suna so ki daina, ki lalata abin da ya rage, ki tura musu hoto. In kin yi haka sun ce ba za su kai maganar kotu ba."

"Tashar tawa ce. Ruwan saman nawa ne. Kunkurunsu bai taɓa zama haka ba."

"Na sani. Amma ƙoƙon bayansa nasu ne, laimar tasu ce, sunan nasu ne. Da a bangon ɗakinki kika liƙa, ba mai kula ki. Sayarwa ce ta jawo."

"Na rubuta a shagon cewa ba ni ce mai kunkurun ba."

"Wannan rubutun bai kare kowa. Kin ma taimaka musu ne, kin nuna kin sani."

"Mutane da yawa suna sayarwa."

"Su ma ranarsu ba ta zo ba ne."

Injin ya tashi a ƙasa, suka jira har ya mutu. Ya naɗe rigar zai mayar mata, sai ya tsaya, kamar zai ce ta bar masa. Bai ce ba, ita ma ba ta ce ya riƙe ba.

Yayarta tela ce, ita ta zo da manyan almakasai guda biyu ranar Asabar. Suka zauna a ƙasan sito, suna zaro riga suna raba kunkurun biyu. Da farko Yaya tana ta surutu don ta sa ta dariya, tana ba ta labarin wata mata da ta kawo mata yadi ƙanƙani tana son riga har ƙasa. Da ta ga ba a amsawa, ta bar labarin. Ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras na almakashi. Kofunan kuwa mijinta ya zuba a buhu ya kai bayan gida, ya bi su da guduma. Fensir ta ɗauki hoton tsummokaran da fasassun kofunan. Na farko bai fito sosai ba, ta buɗe labule ta sake ɗauka.

"Ki yi kuka mana," in ji Yaya. "Wannan shirun naki tsoro yake ba ni."

"Bai zo ba, Yaya."

Ba a yi wata guda ba wata tsohuwar mai sayen kayanta ta turo mata hoto tana murna: ashe kin sake buɗe shago? Fensir ta duba. Zanenta ne na tashar bas, a wani shago da ba ta sani ba, a cikin kasuwar nan dai. Sun goge ɗan sa hannunta da ke gefen benci, amma ba su goge da kyau ba, wutsiyar harafin ƙarshe tana nan. Ta ƙara nema, ta sami wani shagon, ta sami wani. Har a kan matashin kai da labulen banɗaki.

Ta kira ɗan'uwanta lauya.

"Yaya, sun sace zanena."

Ya yi ajiyar zuciya. "In kin kai ƙorafi, abin da za a fara tambayarki shi ne ko ke ce mai kunkurun. Me za ki ce?"

"Ba ni ba ce."

"To kin gani. Sai dai ki sanar da kamfanin, su su bi su."

"In yi musu gadi ke nan."

"Kusan haka."

Ta ce ya gaida iyali, ta kashe wayar. Ba ta sanar da kowa ba. Ba ta ma mayar wa matar da ta turo hoton amsa ba.

Mai buga riguna ya ce ta zo ta riƙa taya shi aiki, dama idonsa ya fara gajiya da kwamfuta. Yanzu ita ke tsara katin biki da lambobin rigunan ƙwallo da allon masu wankin mota. Aikinta tsaf, ba ta makara. Wani lokaci yakan ce, "Ki zana wani abu naki mana, ko kyanwa ce, mu buga mu gani." Sai ta ce to, in ta sami lokaci.

Surukarta ta fara ciwon ƙafa, hawa bene ya gagare ta. Wata rana da yamma mijin ya tsaya a ƙofar tsohon siton, ya ce yana ganin a dawo da Mama nan, tunda ɗakin a ƙasa yake kuma babu kowa ciki.

"Sai an yi fenti," in ji Fensir.

"Wane kala kike so?"

"Ka tambayi Mama."

Ranar hutunsa ya sayo fenti ruwan madara. Ta ɗaure kanta da tsohon ɗankwali, ta shimfiɗa jaridu a ƙasa, ta fara daga bangon taga. Shi ya ɗauki silin, yana ta mita fenti na ɗiga masa a ido. Kafin la'asar sun gama shafi na farko, suka bar ƙofar a buɗe don ya bushe.