Zanen Ƙarshe na Baba Injiniya

Karo na uku ke nan Bahago yana doke maɓallin tsayar da injin sassaƙa ƙarfe da gwiwar hannu yana ja da baya. Ɓawon ƙarfen ya sake fitowa dogo kamar igiyar shanya, ya nannaɗe sandar da ake sassaƙawa, bakinsa yana ta bulala a iska. Sai da injin ya yi tsit sannan ya ɗauki ƙugiya ya shiga warware shi yana tsaki. Ko da wasa ba ya kai hannu, domin ya taɓa kaiwa ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ba ɓacin aikin ne ya dame shi ba. A bayan bangon shagon nan maƙwabcinsa Baba Injiniya yana kwance, kuma likita ya riga ya ja matarsa gefe ya ce a mayar da shi gida, abin ya zama na 'yan kwanaki. Ɗan haƙorin yankan da ke ɗaure a bakin injin, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, shi ne abu na ƙarshe da tsohon ya zana. Ba abin da ya roƙa sai ya san cewa ya yi aiki kafin ya tafi. Ga shi kwana biyu ana gwadawa, haƙori ya ƙi.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa uku. Ana ɗaure shi da ɗan sukuru a kan mariƙi, in kusurwa ɗaya ta dakushe a juya wata, in duk sun ƙare a cire a sa sabo. Amma sirrin yana bayan kaifin. Akwai wani ɗan kwarmi da ɗan tudu da ido ke gani da ƙyar, kuma nan ɓawon da aka yanko yake faɗawa ya lanƙwashe ya karye gutsi-gutsi. In kwarmin bai dace ba, ɓawo ba ya karyewa, sai ya yi ta fitowa dogo, kuma kaifinsa ba ya raina na reza. Shekara talatin da biyar Baba ya yi a wata masana'anta ba ya aikin komai sai zana wannan kwarmi. Matarsa, wadda kowa a layin ke kira Inna, takan ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan rami ɗaya da ko tururuwa ba za ta kwanta a ciki ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba wanda ke kiran Bahago da wannan suna. Da dama yake komai. Wata safiya irin wannan ɓawon ya kama masa hannun riga, kafin ya ankara ya tafi da yatsu biyu. Satin Baba ɗaya da tarewa a gidan, ko gaisawa ba su taɓa yi ba, amma shi ya fara shigowa, ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, ya kai shi asibiti. Da Bahago ya warke, zuciyarsa ta mutu, har ya fara neman mai sayen injin. Sai ga tsohon ya shigo da ɗan akwatin roba cike da haƙora, ya ja kujera ya zauna kamar shagon na gadonsa ne. Wata uku yana zuwa kullum, yana faɗa, yana zagin yadda Bahago ke ɗaure mariƙi, yana koya masa aiki da hagu. Tun daga ranar ko ƙwarzane bai sake samu ba. Da wannan hannun hagun ya ciyar da iyalinsa ya kuma aurar da ƙanwarsa, kuma ya san sarai wa ya mayar masa da shi.

Bara ne aka fara kawo masa aikin sandunan famfo na ƙarfe marar tsatsa, mai danƙon tsiya, wanda duk haƙoran kanti suka gagara karya ɓawonsa a kan tsohon injinsa. Lokacin idon Baba ya riga ya tafi, amma kunnensa yana nan garau. Ta bango ya ji, ya aiko Inna ta kira shi. A bayan tsohuwar kalanda ya yi zanen da manyan layuka, yana faɗin awo Inna tana rubutawa tana mita. Kwana huɗu Bahago ya yi a kan dutsen washi kafin ya fitar da kwarmin a jikin haƙori marar komai. Kafin ya gama, ciwon Baba ya tashi.

Yanzu ya tsaya yana kallon tulin ɓawon da ya warware, hannunsa a ƙugu. Can sai idonsa ya faɗa kan wani gwangwani a ƙarƙashin benci, cike da ƙananan gutsattsarin da suka rage daga aikin makon jiya, na ƙarfen yau da kullum da ya yanka da haƙorin kanti. Sun karye tsaf, gwanin kyau. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce a ransa tsohon ba ya gani, kuma ƙaryar da za ta sa mutum ya tafi da farin ciki ai ba ta kai a kira ta ƙarya ba. Bahago mutum ne da ko ciniki bai iya ƙarya a ciki ba, amma ya ɗebi cikin hannu ya zuba a takarda ya fita.

Ɗakin yana warin man zafi da magani. Tun da ciwon ya tsananta Baba ya sa aka ja gadonsa aka manna da bangon shagon, duk da cewa nan ne fenti ke ɓarewa. Inna tana zaune a bakin gadon da kofi da cokali, tana lallashinsa ya sha ko da kurɓi ɗaya ne. Ya rame har agogonsa ya zame zuwa tsakiyar hannu. Bahago ya durƙusa ya gaishe su, ya tambayi jiki, sannan ya ce ya zo da albishir.

"Baba, ya yi. Ga shi na kawo maka."

Tsohon ya buɗe tafin hannu, aka zuba masa. Ya shiga murza gutsattsarin da babban yatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Ya ɗauki guda ya bi lanƙwasarsa da farce.

"Sun yi kyau," in ji Baba. "Amma wannan ba mai danƙon ba ne. Kuma haƙorin da ya yanke su na kanti ne, mai ɗan tudu biyu. Ni na zana shi, ɗana, shekara talatin ke nan. Ka kawo mini ɗana na fari ka ce sabon haihuwa ne?"

Inna ta kawar da kai tana danne dariya. Bahago kuwa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara ba da haƙuri yana haɗa magana da magana, amma tsohon ya ɗaga yatsa ya tsayar da shi, ya ce ba haƙuri yake so ba, ɓawon da ya ƙi karyewa yake so a kawo masa. Inna ta ce ba za a shigo mata da reza ɗaki ba, mutum yana fama da kansa. Baba ya ce shekara arba'in da bakwai tana hana shi abu yana yi, ba yau za a fara sabon tsari ba.

Bahago ya je ya yanko kamu ɗaya ya naɗo a tsumma. Shi ya riƙe bakin biyu, tsohon ya shafa tsakiyar da gefen yatsa, a hankali, ta inda ba kaifi. Ya shafa sau biyu, sai ya ɗaure fuska.

"Wannan ai ya fi takarda siriri. Ci nawa ka ba injin? Wane kauri ka sa haƙorin ya riƙa yankowa?"

Bahago ya soma kame-kame. Da aka sake tambaya, ya faɗa da ƙaramar murya. Bai kai rabin abin da ke rubuce a bayan kalandar ba. Baba ya ce shi ma kwana biyu yana jin injin yana tafiya kamar mai sanɗa, ya ɗauka kunnensa ne ya fara bin idonsa. Ya tambayi dalili, Bahago ya sunkuyar da kai.

"Gadonka yana jikin bangon, Baba. In na ba shi ci sosai har kwanukan Inna rawa suke yi. Na ce kada in hana ka barci."

Tsohon ya fara dariya, dariyar ta koma tari, Inna ta tallafo kansa tana hararar Bahago kamar shi ya kawo ciwon. Da numfashinsa ya dawo sai ya yi bayani, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, irin yadda ya saba yi shekarun baya. Ya ce ɓawo siriri ba ya karyewa, lanƙwashewa kawai yake yi ya wuce abinsa. Sai ya yi kauri yake cika kwarmin, ya daki tudun, ya karye. Ya ce wannan shi ne darasin satin farko, kuma da yana da ƙarfi da ya ja masa kunne.

"Tausayina ne ya hana shi aiki. Barci kuwa, ina da shi mai yawa a gaba. Je ka ba shi ci."

Bahago ya miƙe, amma bai fita ba. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da wata magana, kullum yana cewa sai an samu lokaci, kuma ya gane cewa lokacin bai wuce wannan ba. Ya sake durƙusawa ya kama hannun tsohon da hannunsa mai yatsu uku. Ya ce shi bai iya magana ba, amma duk lomar da ta shiga bakin 'ya'yansa tun daga waccan shekarar, da hannun Baba a ciki, kuma har ya mutu ba zai daina gode masa ba.

Baba ya matse hannun da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ranar da suka sallame ni daga aiki, na ɗauka na gama amfani. Na zo gidan nan in jira mutuwa ne, sai na ji inji a bayan bango. Kai ka san abin da ka yi mini? Tashi, kada ka sa tsohuwar nan kuka."

Inna ta ce ita ba kuka take yi ba, man zafin ne ya shiga idonta.

Ya koma shago ya ɗaura sabuwar sanda. Ya duba haƙorin, ya ƙara ɗaure sukurun, ya mayar da hannun ci daidai inda kalandar ta ce. Ya san in ya ƙi a wannan karon ba sauran abin da za a ɗora wa laifi sai zanen. Ya yi bisimilla ya tayar da inji.

Ƙarar ta cika shagon, benci ya ɗauki rawa, sifanu da sauran kayan aiki suna kaɗawa a jikin ƙusa. Haƙori ya shiga ƙarfe. Ɓawon ya fito ya yi kamar zai miƙe, har Bahago ya kai gwiwar hannu kusa da maɓalli, sai ya ga ya dunƙule ya ɓalle. Na biyu ya biyo shi, na uku ma haka. Kafin ya ƙifta ido sun fara zuba a tiren ƙasa, ƙanana, kowanne kamar ɗan zobe da aka raba biyu, suna ƙara kamar yayyafi a kan rufin kwano. Bai tsayar ba. Ya bar haƙorin ya bi sandar tun daga kai har gindi, ya dawo ya sake bi, yana dariya shi kaɗai, hawaye yana gangarowa cikin gemunsa. Da ya gama ta farko ya ɗaura ta biyu, don tsohon ya ji da kyau.

Rana ta ɗan karkata lokacin da ya kashe injin. Ya shimfiɗa hankicinsa ya kwashi gutsattsarin da cokalin shara, ya ƙulle, ya fita da sauri ko ƙofar bai rufe ba.

A bakin ɗakin ya yi sallama, ba a amsa da wuri ba. Da ya ɗaga labule ya ga Inna ta ajiye kofin a ƙasa, ta cire agogon daga hannun Baba, ta ja mayafi har ƙirjinsa. Fuskarsa tana fuskantar bango. Bahago ya yi salati a hankali, ya durƙusa.

"Ya ji," in ji Inna, ba tare da ta juyo ba. "Tun da ka fara ya ɗora tafinsa a bangon. Ya ce mini, kin ji ko? Na ce na ji. Ya ce to ki yi shiru in saurara. Ana cikin ta biyun ne hannun ya sauka."

Ƙullin yana hannun Bahago, bai san inda zai ajiye shi ba. Inna ta juyo ta dube shi, ta dubi hankicin, sannan ta miƙo hannu biyu. Ya ɗora mata. Ta kwance ƙullin a kan cinyarta ta daɗe tana kallon 'yan gutsattsarin, suna ɗaukar hasken taga. Sai ta rufe su da tafinta.

"Har yanzu da ɗuminsu," ta ce.