Gahawa Kilo Uku

Katin rantsuwar ƙanena Nemesio zai ƙare ranar Alhamis, bikin ɗan Don Arnulfo kuma ranar Asabar ne. Tsakanin kwanakin nan biyu hankalina ya kasa kwanciya.

A garinmu in mai biki ya miƙo maka barasar meskal ka ƙi, ka zage shi. Uzuri ɗaya ake karɓa: ka je coci ka rantse gaban Budurwa Maryamu cewa ba za ka taɓa barasa ba wata shida, Fada ya ba ka kati da kwanan wata a jiki. Ka nuna katin, a ƙyale ka. Nemesio kuwa shi ke busa ƙatuwar begila a ƙungiyar makaɗa, kowane biki da shi. Sau uku yana rantsewa, sau uku ina kwaso shi daga kwata washegarin ƙarewar katin.

Ranar Litinin ya zo rumfata ina naɗe tamal, irin alalar masara, a ganyen ayaba.

"Yaya Crispina, ba zan sake rantsewa ba."

"Wato sha za ka koma, ɗan banza?"

"Katin nan hannuna kawai yake ɗaurewa, maƙogwarona yana nan yana ƙirga kwanaki. Na gaji. An ce a garin Ocotlán akwai tsofaffin mashaya da ke taruwa su riƙe juna, amma na rasa inda suke."

Ashe sati biyu yana nema a ɓoye. Adireshin da aka ba shi ya zama shagon waya. Duk namijin da ya tambaya sai ya ce bai sani ba, don a ganinsu wanda ya san wurin ya tona wa kansa asiri.

Na ce, "Ku maza, a sauke ku a garin da ba ku taɓa zuwa ba, minti biyar kun gano mashaya. To su waɗannan me suke sha in sun zauna?"

"An ce gahawa. Kamar ruwa."

Washegari na rufe rumfa, na tasa shi gaba muka hau mota zuwa Ocotlán. Ban tambayi namiji ko ɗaya ba. Kai tsaye na nufi Doña Eulalia mai sayar da gahawa a kasuwa.

"Baiwar Allah, wane ne ke sayen kilo uku duk sati alhali ba shi da gidan abinci?"

Ta dubi Nemesio sama da ƙasa, ta yi murmushi. "Fidencio mai faci. Ɗakin da ke saman shagonsa, ƙarfe huɗu. Ku ce masa sukari ya ƙara kuɗi."

Don Fidencio gajere ne mai furfura, hannu duk baƙin mai. Ya dube mu ya ce, "Wanne ne namu a cikinku?"

"Na yi maka kama da mashayiya, tsoho?"

"Babu wanda ya yi kama, uwargida. Ni ma ai da kyauna." Ya dafa kafaɗar Nemesio. "Hau, ɗan'uwa. Yau saurare kawai za ka yi."

Ni aka bar ni a matakala. Na zaci kuka zan ji, sai dariya ta yi ta saukowa. Raina ya ɓaci sosai. Shekara ashirin ina zubar da hawaye kan abin nan, su kuma sun mai da shi abin raha? Can sai na tsinci muryar Nemesio a ciki, irin dariyarsa ta yarinta mai haɗe da tari. Na zauna na yi kukana ni kaɗai, na farin ciki.

Ya koma Laraba, ya koma Alhamis da Juma'a. Asabar ta zo, ni dai tsoro ya hana ni zuwa bikin. Na wanke tukwanen da na riga na wanke, duk motar da ta wuce sai na leƙa waje.

Rana ba ta gama faɗuwa ba na ji ana taɓa ƙofa. Shi ne, begila a kafaɗa, riga tas.

"Yaya, ba ni ruwa. Don Fidencio da mutum uku suka zo suka zauna bayana kamar masu gadi. Da Don Arnulfo ya miƙo min kofi ya ce ina katin, na ce babu kati, yau dai ba na sha."

"Sai ya ce me?"

"Ya janye kofin. Sannan ya rage murya ya tambaye ni wai a Ocotlán ɗin ƙarfe nawa ake zama, don wani surukinsa."

Daga nan bakinsa bai rufu ba. Miyar talo-talo gishiri ya yi mata yawa. Uwar amarya ta taka rigarta ta kusa kifewa. Mai ganga ya ɓata waƙa ta uku, ango kuma bai iya rawa ba ko kaɗan. Na ce ya isa haka, ya cika ni da surutu, amma ban tashi ba. Shekara ashirin yana busa a bikin mutane, ranar ce ta farko da ya dawo gida da labari.